Gwajin Ƙanjamau Ga Mutanen Gefe: Wa Zai Ba Da Kuɗin, Wa Zai Yi Aikin?

(Matanin laccar da aka gabatar ga malamai, limamai, 'yan agaji da malaman makarantun Islamiyya na shiyyar Talata Mafara, Bakura da Maradun.)

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Mai jarraba bayinSa da lafiya da rashinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



GABATARWA

Maudu'in da aka ɗora mana a yau yana da nauyi a baki. Shekaru da dama muna ambaton ƙanjamau a kan mumbari, amma galibi ta fuska ɗaya, wato tsoratarwa daga zina. Wannan gaskiya ne, kuma ba za mu daina faɗarsa ba. Sai dai akwai sauran magana wadda wa'azi kaɗai ba ya ɗaukar nauyinta. Akwai matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba bayan mijinta, ga ta da cutar. Akwai jaririn da aka haifa da ita. Akwai yarinyar da 'yan bindiga suka tsare a daji. Waɗannan gwaji suke buƙata da magani, shi kuwa gwaji da magani kuɗi ne da ma'aikata. Saboda haka tambayoyi biyu za mu tsaya a kansu: wa zai ba da kuɗin, kuma wa zai je ya yi aikin a wuraren da ma'aikacin asibiti ba ya zuwa?

CUTAR DA MATSAYINTA A ƘASARMU

An fara ba da rahoton wannan cuta a Amurka a 1981, masu bincike a Faransa suka gano ƙwayarta a 1983, aka kuma bayyana samunta a Nijeriya a 1986. Ƙwayar tana wucewa ta jini, ta saduwar namiji da mace, da kuma daga uwa zuwa ɗa a lokacin ciki ko haihuwa ko shayarwa. Ba ta wucewa ta musafaha, ko cin tuwo a akushi ɗaya, ko alwala da buta ɗaya, ko tsayuwa a sahu ɗaya, ko cizon sauro. Mutum yana iya ɗauke da ita shekaru masu yawa jikinsa garau, ya yi aure, ya ƙara aure, ya hayayyafa, bai sani ba. Babu ido, komai kaifinsa, da zai gane ta. Gwajin jini kaɗai ke bayyana ta.

Gwajin kuwa ba shi da wahala. Ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, cikin minti 20 an ga sakamako, in ya nuna akwai sai a tabbatar da gwaji na biyu. Wanda bai daɗe da haɗuwa da cutar ba yana iya fita babu, shi ya sa ake cewa a sake bayan wata uku. Maganin yanzu ƙwaya ɗaya ce a rana. Ba ta raba mutum da cutar, amma tana danne ta har ya yi rayuwarsa ya yi nomansa, kuma wanda maganin ya danne masa ita sosai ba ya sa wa matarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa in ba a yi komai ba, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na uwaye masu cutar za su ɗauka, in kuwa uwa ta sha magani adadin yana sauka ƙasa da 5. Wadda aka yi wa fyaɗe ma akwai maganin kariya na kwana 28, da sharaɗin a fara shi kafin awa 72 su wuce. Ku riƙe wannan lissafi na awa 72, za mu dawo kansa.

Babban binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar, kimanin mutum miliyan 1.9 ke nan a Nijeriya baki ɗaya. Arewa maso yamma ce ta fi ƙaranci, Zamfara kuwa ba ta kai kashi 1 ba. Alhamdu lillahi. To amma kada wannan ya sa mu barci, saboda dalilai biyu. Na farko, masu ba da tallafi suna bin yawa ne, jihohi irin su Akwa Ibom da Binuwai da Ribas su ne ke gaban layi, mu da ke da ƙaranci a baya muke. Na biyu, wuta tana ƙarama ake kashe ta. Abin da za a kashe a tsare gida ɗaya yau, ba zai kai abin da za a kashe a kan marayun gidan gobe ba. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka.

SU WANE NE MUTANEN GEFE?

Wanda ke zaune cikin garin Talata Mafara, in ya so gwaji, kuɗin babur ne ya kai shi asibiti. Maganarmu a kan waɗanda ba haka abin yake gare su ba.

Na farko su ne Fulanin ruga. Mu faɗi gaskiya tsakaninmu da Allah: rikicin da ya addabi wannan jiha ya sa an yi wa jama'a guda kuɗin goro. Akwai makiyayi mai tsoron Allah wanda ɓarayi suka kore masa shanu, kuma yana tsoron shiga kasuwa kada a ɗauke shi ɗan bindiga. Matarsa da a da take kawo nono gari ta biya ta awon ciki, yanzu a bukka take haihuwa. Wanda ba ya iya shiga kasuwa, yaya za a yi ya zo layin asibiti?

Na biyu, 'yan gudun hijira da suka baro ƙauyukansu suka raɓe a makarantu da kangaye da gidajen dangi. Mafi yawansu mata ne da yara, da zawarawan da aka kashe wa mazaje. Yunwa tana kai mutum inda bai taɓa zato ba, kuma auren gaggawa ya yawaita a cikinsu. A nan ne kuma ake samun waɗanda suka dawo daga hannun masu garkuwa. Duniya ta ji labarin ɗalibai mata 279 na Jangebe a watan Fabrairun 2021, da na Kwalejin Noma ta Bakura a watan Agusta, da na makarantar Kaya ta Maradun a watan Satumba na wannan shekarar. Amma matan ƙauye da ake kwashewa daga gona ko hanyar rijiya ba tare da rediyo ya ambace su ba, su wa ke duba su in sun dawo? Macen da aka ci wa zarafi a ƙauyen da ke bayan daji, ina za ta sami magani cikin awa 72?

Na uku, 'yan ci-rani da baƙi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, noman rani a filayen waɗannan ƙananan hukumomi uku yake jawo leburori daga nesa, har daga Jamhuriyar Nijar. Ga masu haƙar zinari da ke barin iyalinsu watanni, ga direbobin manyan motoci da ke yada zango a hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ga 'yan kasuwa mutanen kudu da ke zaune tare da mu, waɗansunsu ba Musulmi ba. Sannan ga kurame da makafi, waɗanda sanarwar rediyo ko takardar bango ba ta isa gare su.

Kada wani ya fahimci cewa muna cewa waɗannan sun fi kowa cutar. Muna cewa ne sun fi kowa nisa da gwaji. Kuma ba a bayan wani dutse suke ba: aure muke yi da su, wanzami ɗaya ke yi mana ƙaho da aski, jininsu ake ƙara wa matanmu a ɗakin haihuwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

MATSAYIN SHARI'A

Malaman usulu, irin su Imam Gazali da Imam Shaɗibi, sun bayyana cewa shari'a ta zo ne don tsare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Wannan cuta tana taɓa rai da zuriya kai tsaye, tana kuma cinye dukiya. Imam Gazali ya lissafa ilimin likitanci cikin farillan kifaya, wato in babu mai yi a gari, laifin yana kan kowa. Sayyidina Umar (R.A.) ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, babu wanda ya isa ya ce tawakkalinsa ya yi rauni. A mazhabarmu ta Malikiyya an ba ma'aurata zaɓi saboda aibobi irin su kuturta da hauka, wanda ke nuna cewa sanin lafiyar abokin zama haƙƙi ne. A kan wannan turba Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024.

Haka kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Abu Dabi a 1995, ta yanke cewa ba a wajabta killace mai wannan cuta ba, tun da ba ta wucewa ta cuɗanyar yau da kullum, kuma sa wa wani ita da gangan haramun ne mai jawo uƙuba. Mu ƙara da tunatarwa cewa sakamakon gwaji ba shaidar zina ba ce. Wanda ya nuna mai cutar da yatsa ya ce mazinaci ne, to ya kusanci ƙazafi, kuma mun san hukuncin ƙazafi. Dokar ƙasa ta 2014 ma ta hana nuna wa masu ita wariya a wurin aiki ko makaranta ko asibiti.

ZANEN ARO

Yanzu mu zo kan kuɗi. Tun 2006 gwamnatin tarayya ta ce maganin kyauta ne a asibitocinta. To wa ke biyan wannan kyauta? Kaso mafi tsoka na magani da kayan gwaji da alawus ɗin ma'aikatan sa-kai ya daɗe yana fitowa daga waje: daga shirin PEPFAR da Amurka ta kafa a 2003, wanda ya kashe fiye da dala biliyan 6 a Nijeriya, da kuma Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro da aka kafa a 2002. Ba ma butulci, rayuka masu yawa sun tsira ta wannan hanya. Amma Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara.

A ranar 20 ga Janairun 2025 shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan umurnin dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90. Daga baya aka sassauta a kan maganin masu jinya da na mata masu ciki, amma ayyukan rigakafi da na shiga ƙauyuka suka sha wuya a ƙasashe da dama, kuma a watan Yulin shekarar aka rufe hukumar USAID. Gwamnatin tarayya ta tashi da gaggawa: a watan Fabrairu ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani, aka kuma ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025. Wannan abin yabo ne. Darasin da ke ciki shi ne, sa hannun mutum ɗaya a Washintan ya isa ya girgiza ɗakin gwaji a Maradun. Kuma duk lokacin da kuɗi suka yi ƙaranci, abin da ake fara yankewa shi ne man babur ɗin da ke zuwa ruga. Asibitin birni shi ne na ƙarshe.

INDA KUƊIN ZA SU FITO

Muna ganin hanyoyi huɗu, kowace da abin da ya dace ta ɗauka.

Hanya ta farko ita ce baitulmali, wato gwamnati. Magani da kayan gwaji da albashin likita da nas nauyinta ne, babu wata ƙungiya da za ta iya ɗauke mata. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, amma kasafin tarayya ya daɗe yana yawo kusa da kashi 5. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci, da nufin kowace mazaɓa ta sami guda mai aiki. Aikinmu a nan nasiha ce ga shugabanni cikin ladabi da naci. Mu je wa shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisarmu da tambayoyi ƙayyadaddu: nawa aka ware wa wannan aiki a kasafin bana, nawa aka saki, asibitin mazaɓa kaza yana da kayan gwaji ko babu? Tambayar da ke da lamba a cikinta ta fi dogon jawabi tasiri.

Hanya ta biyu ita ce zakka, kuma a nan sai mun yi hattara. Allah (S.W.T.) Ya iyakance waɗanda ake ba zakka gida takwas a Suratut Tauba, kuma jumhurun malamai ba su yarda a gina asibiti ko a biya albashin ma'aikacin lafiya da ita ba. Amma matalauci mai cutar yana cikin masu haƙƙi kai tsaye. Sau da yawa abin da ke raba shi da magani kuɗin mota ne zuwa asibiti da abincin da zai ci ya sha ƙwaya. Allah Ya albarkaci wannan shiyya da shinkafa da masara da gero. Wanda amfaninsa ya kai nisabi, ɗaya bisa goma ne a kansa in noman damina ne, ɗaya bisa ashirin in da inji da mai ya yi ban-ruwa. Zamfara tana da Hukumar Zakka da Wakafi tun farkon shekarun shari'a. Abin da muke roƙo shi ne kwamitocin zakka su sa waɗannan bayin Allah cikin lissafi, ta hannun amintaccen ma'aikacin asibiti, ba tare da an kira sunan kowa a bainar jama'a ba.

Hanya ta uku ita ce wakafi, kuma ita ce kashin bayan shawararmu, domin albashi abu ne na kowane wata, sai da kuɗin da ke shigowa kowane wata. Sayyidina Umar (R.A.) ya yi wakafin gonarsa ta Haibara, Sayyidina Usman (R.A.) ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Asibitin Nuri na Dimashƙa da aka gina a 1154, da asibitin Mansuri na Alƙahira da Sarki Ƙalawun ya gina a 1284, da kuɗin wakafi suka yi ɗaruruwan shekaru suna jinyar mutane kyauta. Mu a nan wakafinmu ya tsaya a kan masallaci da maƙabarta, har za ka ga masallatai uku a layi ɗaya. Ina attajirin da zai bar shago biyu a kasuwar Talata, a ce hayarsu ta ma'aikatan lafiyar ruga ce har abada? Ina mai fili a Bakolori da zai ware eka ɗaya? Wakafi yana da wata fa'ida kuma: ya halatta wanda ba Musulmi ba ya amfana da shi, don haka maƙwabcinmu baƙo ba zai ga an rufe masa ƙofa ba.

Hanya ta huɗu ita ce sadakar yau da kullum. A misali, in masallatan Juma'a da makarantunmu suka ware tarin Juma'a ɗaya a kowane wata, manoma kuma suka ba da mudu ɗaya daga kowane buhu ranar girbi, za a sami man babur da katin waya da kuɗin motar marasa lafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai tun ran gini tun ran zane. Asusu ya kasance a banki da sunan aikin, mutum uku ke sa hannu, ɗayansu daga cikin jama'ar da ake yi wa aikin. A riƙa karanta shiga da fita a masallaci duk bayan wata uku, a buga a wannan mujalla sau ɗaya a shekara. In tallafin waje ya zo mu karɓa, da sharaɗin bai saɓa wa addininmu ba, amma mu sa shi a abin da ake saye sau ɗaya, kamar babur da firji da horo. Kada a ɗora albashin kowa a kansa.

WA ZAI JE?

Ko an tara kuɗi cikin buhu, in babu wanda jama'a suka yarda da shi, aikin bai tashi ba. Mutanenmu suna da dalilin ɗari-ɗari da abin da ya sauko daga sama. Dattawan wannan yanki ba su manta da jinin manoman da aka zubar a Bakolori a 1980 ba. Gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 ya bar tabo, har ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. Amma ku duba yadda aka ci nasara daga baya, har aka bayyana Nijeriya ta rabu da shan-inna ta asali a 2020: sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba, matan unguwa suka riƙa shiga gida-gida.

Muna da misali daga tarihinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta ga matan ƙauye ba za su iya zuwa makaranta ba, sai ta kafa 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijai mata daga cikin ƙauyukan, ta karantar da su, ta naɗa su jajis, suka koma suna karantar da 'yan'uwansu da harshen da suke ji. Tun kafin ta, Rufaida Al'aslamiyya (R.A.) tana da tanti a Madina inda take jinyar masu rauni da izinin Manzon Allah (S.A.W.). A zamaninmu kuma, Ƙungiyar Likitoci Musulmi ta Uganda ta fara wani shiri a 1992 inda ta horar da dubban limamai da mataimakansu maza da mata, aka ba limamai kekuna, suka bi gidaje suna ilimantarwa. A Sanagal manyan malamai sun yi taro a kan cutar a 1995 suka shiga aikin, kuma ƙasar ta kasance cikin masu ƙarancinta a Afirka.

Saboda haka muna ba da shawarar ma'aikata hawa uku. Hawa na sama ƙwararru ne na gwamnati, likita da nas da mai ɗakin gwaje-gwaje, su ke tabbatar da sakamako su rubuta magani. Hawa na tsakiya jami'an lafiya na karkara ne, waɗanda tsarin raba aiki na 2014 ya ba damar yin gwaji da bibiyar masu shan magani bayan horo. Muna da 'ya'ya da yawa da suka gama makarantun kiwon lafiya suna zaune babu aiki, daga cikinsu wakafi zai ɗauki kaɗan. Hawa na ƙasa, wanda shi ne ya fi muhimmanci, 'yan cikin gida ne: ɗan ruga mai jin Fillanci wanda arɗo ya tsaya masa, bazawara daga cikin 'yan gudun hijira, direba daga tasha, mai iya maganar hannu saboda kurame, da wanda shugabannin baƙi suka miƙa. A ɗauke su biyu-biyu, namiji da mace, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma matar kulle ba za ta miƙa wa baƙon namiji yatsa ba. A jawo wanzamai da ungozomomi a jika, a koya musu sabuwar reza ga kowane mutum da tura mai ciki awo, maimakon a mai da su abokan gaba. Su ne ke shiga inda motar asibiti ba ta taɓa zuwa ba.

Akwai sharuɗɗa huɗu da in babu su, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ɗaya, a biya su. Mun saba cewa a yi fi sabilillahi, amma mai iyali ba zai ciyar da 'ya'yansa da godiya ba. Shari'a ta ba ma'aikacin zakka kansa rabo, kuma ta yi umurni da gaggauta biyan ɗan ƙwadago. Gara mutum goma da ake biya kan kari da ɗari da za su watse bayan wata uku.

Biyu, amana. Sirrin mara lafiya daidai yake da sirrin da mai wankan gawa ya gani. A ƙaramin gari, ranar da sunan mutum ɗaya ya fita, daga ranar babu mai sake zuwa. Ma'aikaci ya yi rantsuwa a kan haka, wanda ya saɓa a sallame shi, ko ɗan wane ne. Limami ma ba ya buƙatar sanin sakamakon kowa. A wurin ɗaurin aure ya ishe shi ya san cewa an yi gwaji kuma kowanne ya san halin ɗan'uwansa.

Uku, kada a kafa tanti a rubuta ƙanjamau a jikinsa, babu mai shiga. A haɗa gwajin da awon ciki, da gwajin zazzaɓi da hawan jini da ciwon hanta da na sikila, in hali ya yi har da ranar rigakafin dabbobi, saboda makiyayi zai fito don shanunsa. Kuma kada a gwada mutum a bar shi a nan. Wanda aka samu da cutar a raka shi asibiti, a nema masa maganin wata uku ko shida a lokaci ɗaya don rage masa zirga-zirga a hanya mai hatsari, a tabbatar an gwada jaririn mai cutar a mako na shida.

Huɗu, tsaron ran ma'aikaci. Ba za mu tura ɗan kowa daji ya halaka ba. A yi aiki da masarautun Mafara da Bakura da Maradun da hakimansu da arɗo-arɗo, su ke sanin hanyar da ke biyuwa yau da wadda ba ta biyuwa. Inda ba a iya shiga, a sadu da mutane a bakin kasuwa ko mashaya. Maganin awa 72 kuwa a nemi hukuma ta ajiye shi a asibitin mazaɓa mafi kusa, a sanar da iyaye mata cewa akwai shi.

KAMMALAWA

Ya ku 'yan'uwa, abin da muke nema kafin mu watse kaɗan ne. Kowace ƙaramar hukuma daga cikin ukun nan ta fitar da kwamiti na mutum bakwai, a cikinsu akwai mata biyu da ma'aikacin lafiya da wakilin ruga. Cikin wata biyu su kawo jerin rugage da matsugunan 'yan gudun hijira da ke yankinsu, da asibiti mafi kusa da kowanne, da sunayen waɗanda za a horar. Limamai su ware huɗuba ɗaya a kan wakafi, ɗaya a kan haramcin tozarta mara lafiya. Mu kuma da ke tsaye a nan mu fara miƙa namu yatsun a gwada, domin jama'a abin da malami ya yi suke bi fiye da abin da ya faɗa.

Alƙur'ani mai girma, a Suratul Ma'ida, ya daidaita raya rai guda da raya mutane baki ɗaya. Jariri ɗaya da za a haifa lafiya a wata bukka a dajin Maradun, saboda uwarsa ta sami wadda ta gwada ta da harshenta, ya isa mutum ya gabatar a gaban Ubangijinsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya mayar da waɗanda aka kora gidajensu, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya tsare mu da zuriyarmu daga alfasha ta fili da ta ɓoye. Abin da muka faɗa daidai Allah Ya ba mu ladarsa baki ɗaya.